Aikin tsayar da yoyon baƙin mai a Porsche 911 a wani garejin Legas: inda suka iya da inda suka gaza

Gaskit ɗin da ke hana baƙin mai tsiyaya daga murfin sarƙar taimin na tsohuwar Porsche 911 ta shekarun 1990 ɗan zoben roba ne da mutum zai iya naɗewa ya sa a aljihu, amma isa wurinsa da ɗaura shi yadda ya kamata yana cikin ayyukan da ake gane gwanin bakanike da su. Motar da aka yi wa wannan aiki ta kawuna ce, wanda ke harkar dakon kaya a Apapa, kuma ni nake kula masa da lamarin gyaranta. Ƙirar 1995 ce, daga jerin da kamfanin yake kira 993. Garejin da muka kai ta yana tsakanin Agege da Ikeja, mai shi Bahaushe ne haifaffen Legas wanda ya daɗe yana taɓa motocin Jamus. Hukuncina a kansu shi ne cewa hannunsu a kan inji ya cancanci kuɗin da suka karɓa, amma yadda suke tafiyar da hulɗa da mai mota bai kai darajar aikin hannun nasu ba.

Sai an fahimci ginin wannan inji kafin a gane dalilin da ya sa ƙaramin yoyo yake zama babban aiki. Tun lokacin da aka fara nuna 911 a baje kolin motoci na Frankfurt a 1963, injinta a baya yake, a bayan ƙafafun baya ma, kuma silinda shida ne a kwance, uku a dama uku a hagu suna fuskantar juna. Har zuwa 1998, lokacin da aka daina ƙera 993, injin ba ya amfani da ruwa ko lagireto. Wata babbar fanka ce take hura masa iska, baƙin mai kuma yana ɗauke da kaso mai yawa na aikin sanyaya shi. Shi ya sa motar take ɗaukar baƙin mai fiye da lita 10, wanda yake zaune a wani tanki na daban a gaban tayar baya ta dama, yana zagayawa har zuwa na'urar sanyaya mai da ke gaban motar ya dawo. Kowane ɓangare na silinda uku yana da nasa kamshaf a sama, wato sandar da ke buɗe bawul tana rufewa, kuma kowane kamshaf sarƙar taimin ce take juya shi, saboda haka sarƙoƙin biyu ne, kowace tana cikin akwatinta da murfinta, suna kallon bamban baya. A tsofaffin ƙirori irin su SC ta 1978 zuwa 1983 da Carrera 3.2 ta 1984 zuwa 1989, gaskit ɗin murfin shimfiɗaɗɗe ne mai kama da takarda. Daga ƙirar 964, wadda ta fito a 1989, aka koma zoben roba mai shiga cikin kwarmin murfin, tare da ƙananan robobi a ƙarƙashin kowane noti, kuma haka 993 ta gada.

Roba ba ta jure zafi har abada. Motar da ta kai shekara 30 tana ɗumama tana hucewa, robarta takan bushe ta taurare har ta daina manne wa ƙarfe, kuma Legas tana gaggauta wannan lalacewa. Injin da iska ke sanyayawa an yi shi ne domin hanya buɗaɗɗiya. Idan aka tsayar da shi a cunkoson gadar Third Mainland ko na hanyar Oshodi zuwa Apapa cikin zafin rana, mai yakan yi zafi ƙwarai ya tsinke, ya nemi kowace kafa. Ga kuma danshin teku mai gishiri da ruwan da ke kwanciya a tituna da damina, waɗanda suke cin ƙarfen murfin daga waje. Abin da ya sa ba a iya kawar da kai daga wannan yoyo shi ne wurin da man yake sauka: kai tsaye a kan salansa da bututun hayaƙi masu zafi. A 911 mai sanyin iska, iskar ɗumama cikin mota ta jikin waɗannan bututu take bi, don haka ƙaurin ƙonannen mai yana iya shigowa har wurin direba, kuma idan aka tsaya a danja ana ganin siririn hayaƙi yana tashi daga baya.

Abu na farko da ya sa na amince da garejin shi ne cewa ba su karɓi maganata a matsayin ganewar asalin cutar ba. Na je da tabbacin cewa murafun sarƙa ne suke yoyo, domin a nan ɗigon yake taruwa. Mai garejin ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, a wannan inji inda mai yake ɗiga daban, inda yake fitowa daban, a bari mu wanke mu gani." Suka ɗaga motar, suka cire faifan da ke rufe ƙarƙashin injin, wanda ya tara mai da ƙasa har ya yi kauri, suka wanke injin sama da ƙasa, suka bar shi ya bushe, sannan suka tayar da shi ya yi zafi sosai suna bin kowace mahaɗa da tocila. Wannan mataki ne da gareji da yawa suke tsallakewa saboda ba ya kawo kuɗi nan take, alhali kuwa shi ne ginshiƙin aikin duka. Wuraren da 911 take iya zubar da mai suna da yawa: murafun bawul na ƙasa, bututun da suke mayar da mai daga kan silinda zuwa cikin inji, na'urar awon ƙarfin mai da murfin numfashin inji da ke can sama, da kuma sil, wato robar tare mai, da ke wajen famfon sitiyari. Fankar injin da iskar tafiya suna kwashe man daga wuri su watsa shi wani wuri, har ya zama wanda bai wanke ba yana canki-canka ne kawai.

Binciken ya nuna cewa murafun sarƙa biyun duka suna yoyo, na dama ya fi tsanani, kuma mafi yawan man ta ƙarƙashin notuna yake fitowa inda ƙananan robobin suka tsattsage. Ya kuma nuna cewa murfin bawul na ƙasa a gefen hagu yana tsattsafowa, abin da ban lura da shi ba sam.

A nan ne aka zo wurin da ake gane gaskiyar bakanike. Akwatin sarƙar kansa yana da wani gaskit a bayansa, inda ya haɗu da gangar injin, da wani zoben roba inda kamshaf yake ratsawa. Idan waɗannan ne suke yoyo, aikin ya tashi daga ƙarami ya koma babba, domin sai an cire haƙoran da ke kan kamshaf, an saki sarƙa, sannan a sake saita taimin, wato daidaita motsin bawul da na fistin, da kayan aiki na musamman, kuma kuskure kaɗan a wannan saiti yana iya sa fistin ya doki bawul. Cire murfi kawai ba ya taɓa taimin ko kaɗan. Garejin da yake son kuɗi zai iya cewa tun da an riga an buɗe gara a yi duka, mai mota kuma ba shi da hanyar musantawa. Wannan mutumin ya kira ni ƙarƙashin motar ya nuna mini bayan akwatunan biyu a bushe, ya ce babu dalilin taɓa abin da yake zaune lafiya, ya kuma ƙara da cewa in da can ne matsalar, da ya ba da shawarar a sauke injin gaba ɗaya a yi aikin a kan teburi. Wannan magana ta rage masa kuɗin shiga, ta ƙara masa ƙima a idona.

Batun kaya shi ne ya fara kawo jinkiri. Kasuwar Ladipo da ke Mushin tana da kayan Toyota da Honda da Mercedes har ba a iya ƙirgawa, amma robobin injin da aka daina ƙerawa tun 1998 ba abin da ake tsinta a kan tebur ba ne, kuma tsohuwar roba da aka ciro daga wani injin tokumbo ba ta da amfani ko da an ba da ita kyauta. Garejin ya ƙi yarda a yanka gaskit na gida ko a cike kwarmin da gam ɗin silikon, kuma na ga dalilinsu: silikon da ya yi yawa yakan matsu ya shiga ciki, ya gutsure ya bi mai, ya je ya toshe ƙananan hanyoyin da ke kai mai ga kamshaf da na'urar da take ɗame sarƙa. Irin wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa, a je neman tsayar da ɗigo a dawo da injin da ya ƙone. Saboda haka aka yi odar kayan daga waje da lambar shasin motar: zobban murafun biyu, cikakken saitin ƙananan robobin notuna, gaskit ɗin murafun bawul na ƙasa, ƙananan zobban bututun mai da ke saman akwatin sarƙa, da matatun mai guda biyu, domin 993 biyu take amfani da su. Shawarar sayen kayan ta yi daidai. Abin da bai yi daidai ba shi ne cewa sun kwance bayan motar tun kafin kayan su iso, suka bar ta a kan jak tana jira, alhali da sun bari sai kaya sun zo hannu da motar ta ci gaba da zama a gida a rufe.

Kwancewar kanta na kalli wani sashe nata, kuma ba aikin gaggawa ba ne. An cire bamban baya, da salansa, da faifan kare zafi, da gwangwanayen da suke kewaye injin domin tilasta wa iskar fanka bin jikin silinda. An tallafe injin da jak daga ƙasa da katako a tsakani, sannan aka kwance ƙarfen da yake rataye shi a jikin motar, domin shi ne ya gitta a gaban murafun. Gefen hagu ya buɗe ba tare da wahala mai yawa ba. Gefen dama kuwa mazaunin kwamfuresan na'urar sanyaya cikin mota ya tare shi, kuma wannan mazauni ba ya fita sai an cire fulin da ke kan karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa. Na lura cewa ba su saki gas ɗin na'urar sanyin ba, sun ɗaga kwamfuresan ne da bututunsa suka ɗaure shi a gefe, wanda ya cece mu daga kuɗin sake cikawa. Notunan salansa da tsatsa ta cinye sun jiƙa su da man sassauta ƙarfe suka bar su suka kwana, maimakon su sa ƙarfi su karya. Kowane rukunin noti yana cikin nasa gwangwani da alama, kuma babban yaron garejin ya ɗauki hotuna da waya kafin ya cire kowane abu, al'adar da nake fatan ganin ta yaɗu.

Inda suka fi burge ni shi ne gyaran fuskar murafun. Waɗannan murafu na magniziyam ne, ƙarfe mara nauyi wanda danshi da gishiri suke ci ya zama farin gari, kuma da aka cire na dama sai ga kwarmin da robar take kwanciya ya yi ƙuraje da ƙananan ramuka a gefen ƙasa. Sabuwar roba a kan irin wannan fuska ba za ta riƙe mai na dogon lokaci ba. Mai garejin da kansa ya zauna da murfin, ya kankare tsohuwar robar da abin kankara na roba mai tauri don kada ya ji wa ƙarfen rauni, ya goge kwarmin da hannu har ya yi sumul, ya ɗora murfin a kan gilashi ya duba ko ya karkace, sannan ya shafe wajen da fenti mai jure zafi domin rage saurin cin da danshi yake yi masa. Ya gaya mini a fili cewa murfin dama zai yi aiki yanzu, amma idan aka sake buɗe shi nan gaba sabo za a nema. Da murafun suke a buɗe, ya haska mini sarƙoƙin da robobin da suke zamewa a kansu, ya nuna cewa ba su tsage ba kuma ba su ci sosai ba. Dubawar ba ta ɗauki lokaci ba, amma ita ce kaɗai damar ganin waɗannan sassa ba tare da an biya kuɗin buɗewa na musamman ba.

Wajen ɗaurewa ma sun bi ƙa'ida. Notunan murfin ƙanana ne, kuma an tsara su ne su tsaya a wani mataki su matse robar daidai gwargwado. Wanda ya ci gaba da murɗawa da tunanin cewa ƙarin ƙarfi zai hana yoyo, ko dai ya tsinke ƙusar ko ya lanƙwasa murfin. Sun yi amfani da ƙaramar sifana mai awon ƙarfin ɗauri, suna bi ɗaya bayan ɗaya a giciye har sau biyu. A garejin da na saba kai motocin aiki, awon ɗauri yana hannun yaro ne da yadda ya ji a damtsensa.

Sauran lamarin garejin kuwa akwai gyara. Ba su ba da takardar ƙiyasin kuɗi ba sai da na nace, kuma da ta zo, jimla ɗaya ce a rubuce da biro, ba a raba kuɗin kaya da na aiki ba. Da na nemi a rarrabe, sai ya bayyana cewa ladan aiki ya ninka kuɗin robobin sau da yawa, wanda ba abin mamaki ba ne ga wanda ya ga yawan abin da aka kwance, kuma ban yi jayayya da shi ba. Amma mai mota yana da haƙƙin ganin wannan rabo tun farko ba tare da ya roƙa ba. Ranar da suka ce a zo a ɗauki mota ta wuce ba tare da kowa ya kira ba, kuma duk bayanin da na samu game da inda kayan suka tsaya ni ne na bi shi da waya. Kawu mutum ne mai haƙuri, amma har shi sai da ya tambaye ni ko an sayar da motar ne. Filin garejin ba shi da cikakkiyar rumfa, kuma ƙasa ce ba siminti ba a rabinsa, abin da bai dace da wurin da ake buɗe cikin inji ba. Sun rufe akwatunan sarƙar da leda mai tsabta a lokacin jira, wannan gaskiya ne, amma leda ba ta maye gurbin ɗaki. Sannan an dawo mana da motar da shatin hannu mai maiƙo a kan sitiyari da murfin inji, da ɗan ƙarcewa a gefen bamba wanda ba na shakkar wajen ajiye shi a ƙasa ya samu. Da na nuna, mai garejin bai yi musu ba, ya sa aka goge aka gyara a kan kuɗinsa, ya kuma yi wa yaron faɗa a gabana fiye da yadda laifin ya kai.

Akwai wani ƙaramin abu da ya ƙara tabbatar mini cewa sun san motar. Ba a auna man 911 mai sanyin iska kamar na sauran motoci. Sai injin ya yi zafi sosai, yana aiki a tsaye, motar tana kan wuri mai daidai, sannan a zaro gejin. Wanda ya auna a sanyi zai ga kamar mai ya yi ƙasa, ya ƙara, ya cika tankin fiye da kima, rarar kuma ta bi bututun numfashi ta shiga hanyar iska, motar ta yi ta hayaƙi har a zaci inji ya lalace. Sun zuba mai ƙasa da cikakken adadi, suka fita da motar ta yi zafi, suka dawo suka cike a hankali har ya tsaya tsakiyar alamomin biyu. Suka kuma kira direban kawu suka koya masa wannan awo, domin shi ne yake duba motar kullum.

Tun da aka karɓo ta, motar ta shiga cunkoson Ikorodu Road, ta yi doguwar tafiya a hanyar Legas zuwa Ibadan, ta kuma ga ruwan sama mai yawa. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta a inda take kwana, kuma babu ɗigo daga murafun sarƙa ko na bawul. Ƙaurin da ke shigowa ciki ya ɗauki ɗan lokaci kafin ya ɓace, saboda tsohon man da ya riga ya jiƙa jikin bututun hayaƙi sai da ya ƙone ya ƙare, kuma sun faɗa mini haka tun kafin in tambaya. Sun nemi a dawo da motar bayan an ɗan yi tafiya da ita domin su sake dubawa, suka yi hakan ba tare da karɓar ko sisi ba.

Wanda yake da 964 ko 993, ko ma tsohuwar SC, kuma yana da lokacin bibiyar aikinsa da kansa, zai sami biyan buƙata a irin wannan gareji, da sharaɗin ya nemi ƙiyasi a rubuce dalla-dalla, ya ƙi yarda a kwance komai sai kaya sun iso, ya kuma ce a ajiye masa tsofaffin robobin da aka cire ya gani da idonsa. Wanda yake son ya miƙa makulli ya koma ofis a kira shi ranar da aka yi alkawari, zai sha ɓacin rai. A dubawar ƙarshe sun nuna mini cewa ɗaya daga cikin bututun mayar da mai a gefen dama ya fara damshi, bai kai ga ɗiga ba tukuna, kuma akwai irin bututun mai zugewa da ake sakawa ba tare da an sauke inji ba. Mun yi shawara da kawu cewa su ne za su yi wannan aikin ma, amma a wannan karon ni zan yi odar kayan, kuma motar ba za ta bar gida ba sai suna hannuna.